Kafin Ku Yanke Masa Hukunci, Kun Tambaye Shi?

 Muna sanar da ku cewa a wannan mako za mu jingine bayanin da muka faro a kan hukunce-hukuncen ciniki, saboda wata mas'ala da aka kawo mana har gida, wadda muke kyautata zaton ba gida ɗaya kaɗai ta shafa ba.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Narayi, kudu da kogin Kaduna, ya yi mana sallama bayan sallar La'asar. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin rufin asiri wajibi ne. Ƙanensa, wanda ɗan kasuwa ne, ya rasu ya bar ɗa namiji da rumfa da ɗan abin da ba a rasa ba, ya kuma yi wasiyya cewa shi wan nasa ya riƙe yaron da rabonsa na gado. Yau yaron yana da shekara 22. Bai fara magana ba sai da ya kai shekara 4. Ba ya kallon idon mai yi masa magana, kuma in an tambaye shi abu sai ya daɗe kafin ya amsa. In aka sauya masa wurin kwana ko lokacin abinci, ransa yakan ɓaci wuni guda. Sau uku ana kai shi rumfar mahaifinsa, sau ukun yana toshe kunnuwa ya gudo gida. Amma fa ya iya karatu da rubutu, ba ya wasa da salla, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, bai kuma taɓa ɗaukar kayan wani ba.

Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, dangi sun rabu gida uku. Wasu sun ce aljanu ne, a kai shi gidan mari a ɗaure shi har su fita. Wasu sun ce a yi masa aure, wai zai warware. Wasu kuwa sun ce a bar shi a ɗaki a riƙa ba shi abinci, kada ya ba mu kunya a unguwa. Ni kuma ga tsufa ya zo, ga amanar maraya a wuyana. Shin ya halatta in ci gaba da riƙe dukiyarsa har ƙarshen rayuwata?"

Muka ce masa, "Alhaji, mun ji abin da kashi uku na dangi suka ce. Shi yaron fa, me ya ce yana so?"

Sai ya sunkuyar da kai, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Gaskiya, Malam, ba mu taɓa tambayarsa ba."

To, a kan wannan amsa muke so mu gina zancenmu na yau. Amma kafin nan ya kamata mu san abin da likitoci suka gano game da irin wannan yaro, domin hukunci a kan abu reshe ne na sanin haƙiƙarsa.

Halin da dattijon ya siffanta shi ne likitoci ke kira otizim, wanda a Hausa ake ce wa galahanga. A shekarar 1943 wani likitan yara mai suna Leo Kanner, a birnin Baltimore na Amurka, ya rubuta bayanin yara 11 masu waɗannan alamu. Asalin abin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ciki, kuma gado yana da babban rabo a ciki. Mai galahanga yakan sha wahalar gane nufin mutane daga fuskarsu ko muryarsu, yakan ɗauki magana a kan zahirinta, yakan so a bi tsari ɗaya kullum, kuma ƙara ko haske ko wari da mu ba mu damu da su ba suna iya zame masa azaba. Masu shi ba daidai suke ba. Akwai wanda ba zai yi magana ba har abada, yana bukatar mai kula da shi dare da rana, akwai kuma wanda ya yi digiri yana aiki a ofis ba wanda ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Mai karatu ya ƙirga yaran unguwarsu ya yi lissafi da kansa.

Akwai wasu halaye biyu da suke maƙwabtaka da wannan. Na ɗaya shi ne raunin tsayar da hankali tare da yawan kazar-kazar, wanda bincike ya nuna yana samun kimanin yara 5 cikin 100, kuma da yawansu sukan girma da shi. Irin wannan ne saurayin da ke da kaifin basira, amma ya manta saƙo tsakanin rumfa da bakin titi, ya faro aiki biyar bai gama ko ɗaya ba. Na biyu shi ne wahalar karatu da ake kira disleksiya, inda yaro mai cikakken hankali yake kasa haɗa baƙi da sautinsa, har ka ga ya haddace abin da aka biya masa da ka, amma ya kasa karanta shi a allo. Allah kaɗai Ya san yawan bulalar da irin waɗannan yara suka sha bisa zargin taurin kai, alhali tun ƙarni shida da suka wuce Ibnu Haldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa yana bayanin yadda tsanantawa ke cutar da almajiri, ta koya masa ƙarya da kasala.

A shekarar 1998 wata mai nazarin zamantakewa 'yar ƙasar Ostireliya, Judy Singer, ta yi rubutun da ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin cewa waɗannan halaye wani ɓangare ne na bambancin da ke tsakanin ƙwaƙwalen 'yan Adam, kamar yadda harsuna da launuka suka bambanta. Daga nan aka fara kiran masu su da sunan da za mu iya fassarawa da masu ƙwaƙwalwa ta daban. Ba mu cewa babu wahala a ciki, akwai ta, wani lokaci mai tsanani. Abin da muke cewa shi ne wannan ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Rubutun da ya haifar da wannan jita-jita a Ingila a shekarar 1998, mujallar likitocin da ta buga shi ta janye shi a shekarar 2010, aka kuma soke sunan marubucin daga rajistar likitoci. Addu'a makamin mumini ce, ba mu hana kowa ba. Amma jingina wa aljanu duk abin da ba mu gane ba magana ce ba da ilmi ba.

Mutanen Kaduna kuwa sun ga inda wannan magana take kaiwa. A watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba na wannan shekara aka sake buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya. Mafi yawan waɗanda aka samu, danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi musu. Ba mugunta ce ta kai iyayen nan can ba, gajiya ce da rashin sanin wata hanya. Saboda haka bai isa mu ce wa mutane kada su ɗaure 'ya'yansu ba, sai mun nuna musu abin da za su yi a maimakon haka.

Hanyar da muke so mu gabatar ita ce wadda a ƙasashen Turai da Amurka ake kira jagorancin rayuwa mai farawa daga shi mutumin. Tushenta yana komawa ga wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Carl Rogers, wanda ya rasu a shekarar 1987. Abin da ya koyar, musamman a littafinsa na shekarar 1951, shi ne mai neman taimako ya fi mai taimakon sanin inda ke yi masa ciwo, saboda haka aikin mai taimako shi ne ya saurara da gaskiya, ya karɓi mutumin yadda yake, ya raka shi zuwa inda shi ya nufa. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga baya masu aiki da naƙasassu suka mai da wannan ra'ayi tsarin aiki. Jagora ba likita ba ne, ba ya gano ciwo, ba ya rubuta magani. Mutum ne mai haƙuri da sanin halin, wanda zai riƙa zama da saurayi ko babba a kai a kai, su tsai da buri, su yanka shi ƙanana, su riƙa duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Sharaɗin farko shi ne burin ya zama na mai rayuwar, ba na dangi ba, ba kuma na jagoran ba.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, a wurinmu yaro ba ya zaɓa, manya ke zaɓar masa. Amsarmu ita ce mu duba abin da ya tabbata a Sunna. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin wata mace da ke da wani rauni a hankalinta, wadda ta tsai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da bukata. Bai tura ta ga danginta ba, bai ce wani ya ji ta bakinta ya kawo masa ba. Ya kira ta da alkunya ta girmamawa, ya bar mata zaɓin hanyar da take so su tsaya a cikin hanyoyin Madina, ya kuma tsaya da ita har ta gama bayanin bukatarta. Ita ta zaɓi wurin, ita ta faɗi bukatar, shi kuwa shugaban al'umma ya ba ta lokacinsa.

Labari na biyu ya fi kusa da 'yan kasuwa, kuma asalinsa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim. Wani mutumin Madina, wanda malamai suka saɓa ko Habbanu ɗan Munƙizu ne ko mahaifinsa, ya taɓa samun rauni a ka wanda ya taɓa harshensa da lissafinsa, ana ta cutarsa a ciniki. A ruwayar Abu Dawuda da Tirmizi, danginsa sun nemi a hana shi saye da sayarwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira shi ya hane shi, sai mutumin ya nuna ba zai iya haƙura da kasuwa ba. Da ya ji haka bai tilasta masa ba, sai ya koya masa gajeruwar kalma da zai riƙa faɗa a kowane ciniki, yana shardanta cewa ba ha'inci. A ruwayar Ibnu Majah har an ba shi zaɓin kwana uku na mai da kaya in bai gamsu ba. Ku duba tsarin: an ji ta bakin dangi, an ji ta bakin mai abin, an gane inda rauninsa yake, aka ba shi abin dogarawa daidai wurin raunin, aka bar shi a sana'ar da yake so. Wasu malamai sun ce wannan sauƙi nasa ne shi kaɗai. In haka ne, to hujjarmu ta ƙara ƙarfi, domin an ɗinka masa riga ce daidai jikinsa.

Yanzu sai mu koma ga tambayar dattijon. Aya ta 5 da ta 6 ta Suratun Nisa'i su ne tushen wannan babi. Ta farko ta hana a danƙa dukiya ga wanda zai tozarta ta, tare da umurnin a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Ta biyu ta yi umurni a riƙa jarraba marayu, in an ga rushdi a tare da su bayan balaga a miƙa musu dukiyarsu a gaban shaidu. Rushdi a mazhabar Malik shi ne iya tsare dukiya da kyautata sarrafa ta. Ba a shardanta iya zance ba, ko kallon ido, ko son shiga taro. Malaman fiƙihu sun kuma bayyana cewa ana jarraba kowa ne da abin da ya dace da irinsa, a ba shi kaɗan a ga yadda zai yi, a kuma maimaita. Saboda haka wasiyyin da bai taɓa jarraba maraya ba, ba shi da ikon cewa ba shi da rushdi. Kai maraya tsakiyar hayaniyar kasuwa sau uku, alhali ƙara azaba ce gare shi, ba jarrabawa ba ce, kamar a gwada gudun mutum ne a cikin ruwa.

Muka shawarci dattijon da abu biyu. Na farko ya kai yaron ga likita, tun da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana maƙwabtaka da Narayi, domin a san haƙiƙanin halinsa, a kuma duba ko akwai wani ciwo tare da shi kamar farfaɗiya ko tsananin damuwa, waɗanda suke da magani. Na biyu ya kawo mana shi. Da suka zo muka zauna a zaure, ba rediyo, ba 'yan kallo. Muka ce, "Ɗana, me kake so ka riƙa yi da kanka?" Bai amsa ba. Baffansa ya buɗe baki zai amsa masa, muka ɗaga masa hannu. Muka miƙa wa yaron takarda da alƙalami, muka ci gaba da lazimi. Bayan wani lokaci ya miƙo takardar da layi biyu. Yana so ya riƙa zuwa wurin yayarsa da ke aure a Tudun Wada shi kaɗai, ba tare da an riƙe masa hannu ba. Yana kuma so ya yi kiwon kaji. Dattijon ya karanta, idonsa ya cika da hawaye, ya ce shekara da shekaru yana ganin yaron tsugune gaban akurkin maƙwabta, bai taɓa kawo komai a ransa ba.

Jagoran da aka samu maƙwabcinsu ne, Kirista, tsohon malamin makaranta wanda ya daɗe yana koyar da yara masu bukata ta musamman. Mun ambaci addininsa da gangan, domin a unguwa irin Narayi haƙƙin maƙwabtaka ba ya tambayar wurin ibada, kuma ilmi abin nema ne a duk inda yake. Ga yadda ya tafiyar da aikin, domin mai karatu ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Da farko ya tsai da rana ɗaya da lokaci ɗaya a kowane mako, bai taɓa saɓawa ba, domin mai galahanga yana samun natsuwa ne in ya san abin da ke tafe. Na biyu ya yanka kowane buri gunduwa-gunduwa. Tafiya Tudun Wada ta zama matakai a rubuce: inda ake tsayawa a hau mota, abin da ake ce wa kwandasta, kuɗin da ake riƙewa a aljihu daban, alamar da ake gani bayan an haye gada, da abin da za a yi in mota ta lalace. Na uku ya gyara wurin maimakon ya ce sai yaron ya sake hali. Aka zaɓi lokacin da hanya ba ta cika ba, aka samo masa abin toshe kunne. Na huɗu ya riƙa ja da baya a hankali. Da fari suna zama kujera ɗaya, sa'an nan ya koma kujerar baya, sa'an nan ya tsaya a tasha, har ranar da bai fito ba sam. Na biyar, a ƙarshen kowane zama yakan tambayi yaron abin da ya yi daɗi da abin da ya yi wuya, kuma ba ya kai wa dangi abin da yaron bai yarda a kai ba, sai in akwai haɗari.

Haka aka bi da kiwon kaji. Dattijon ya fitar da kuɗin kaji 50 daga dukiyar marayan, ya rubuta, ya kafa shaidu. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wasu kajin sun mutu a zafin bazara, kuma wani mai sayen ƙwai ya gane yaron ba ya iya musu, ya riƙa karɓa bashi ba ya biya. Da abin ya fito, dangi suka ce ai dama sun faɗa. Jagoran kuwa ya zauna da shi suka rubuta allo suka rataye a ƙofa, da farashi da sanarwar cewa ba bashi, sai yaron ya riƙa nuna allon maimakon jayayya. Har yanzu ba ya iya tayi da ragi, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa iyawa ba. Amma littafin shiga da fitarsa ba ya ɓata ko naira ɗaya. Mun shawarci dattijon ya riƙa ƙara masa abin da yake juyawa sannu a hankali, ya kuma kai maganar gaban alƙali domin a rubuta abin da aka miƙa, da abin da ya rage, da wanda zai ci gaba da dubawa in ta Allah ta kasance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan wajibi ne mu yi gargaɗi. Wannan aiki na jagoranci ba shi da wata hukuma da ke ba da lasisinsa kamar aikin likita, saboda haka kowa yana iya buga kati ya kira kansa gwani. Duk wanda ya ce muku zai warkar da galahanga da wani sirri ko wani garin magani, ku riƙe kuɗinku, domin hali ne da ake rayuwa da shi, ba zazzaɓi ba ne. Duk jagoran da ke keɓewa da yaro a bayan ƙofa, ko yake dukansa, ko yake son a dogara da shi har abada, ku sallame shi. 'Ya mace a nema mata jagora mace, kuma a lura cewa 'yan mata masu wannan hali sukan ɓoye shi a bayan kunya har a yi musu aure ba a gane ba. Aure kuwa ba magani ba ne. Haƙƙinsa ne in yana so kuma zai iya ɗaukar nauyinsa, tare da bayyana wa ɗaya ɓangaren gaskiya. Wanda halinsa ya yi tsanani har ba ya magana, shi ma ana tambayarsa, da hoto ko da nuni, ko da a kan rigar da zai sa ne.

Ya ku 'yan kasuwa, a cikin yaran shagunanku akwai irin waɗannan. Kafin ka kori yaro saboda mantuwa, gwada rubuta masa saƙo, ko ka ba shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya iya tarar masu saye, wataƙila shi ne zai fi kowa iya tsare sito da ƙirga kaya. Yaro na farko a cikin 11 ɗin nan na Kanner, mai suna Donald Triplett, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin danginsa a wani ƙaramin gari na jihar Misisifi, ya tuƙa mota, ya zaga ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a shekarar 2023 yana da shekara 89. Bai warke ba, mutanen garinsu ne suka san halinsa suka ba shi wuri.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, ku sani doka ta riga ta ɗora muku nauyi. A watan Janairu na shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma naƙasa a wannan doka ba ta tsaya ga ta gaɓoɓi kaɗai ba. A watan Janairu na shekarar 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta shekarar 1958. Amma doka a takarda take, shugaban ofis ne ke ba ta rai. Akawun da ke ƙarƙashinka, wanda aikinsa ba ya da aibi amma ba ya iya hira da fadanci, kada ka danne masa ƙarin girma saboda haka. Kira shi ka tambaye shi abin da zai sauƙaƙa masa aiki. Sau da yawa abin bai wuce tebur a wuri mai shiru da umurni a rubuce ba.

Abin da muke roƙon kowane mai karatu shi ne, in akwai irin wannan saurayi ko budurwa ko babba a gidanka, ka nemi lokaci a cikin wannan mako ka zauna da shi a wuri mai natsuwa, ka tambaye shi abin da yake so, sa'an nan ka yi shiru ka jira, ko da jiran ya yi tsawo. Wanda yake riƙe da dukiyar irinsu kuwa ya tuna za a tambaye shi a kan abin da ya ci, za a kuma tambaye shi a kan abin da ya hana.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya sanya tausayin raunananmu a zukatanmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. In Allah Ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan hukunce-hukuncen ciniki daga inda muka tsaya.